Ciyar da ɗalibai a firamare: daga ina aka samo shi, me ya sa ba ya ɗorewa?

Ɗan kwamitin makaranta, Daura:
Assalamu alaikum. Iyaye suna ta tambayar ko abincin makaranta zai dawo. Don Allah masana, yaushe aka fara wannan tsari, kuma me ke kashe shi a wajenmu?

Malamin firamare mai ritaya, Katsina:
Wa alaikumussalam, Malam. Abin ya daɗe. Ingila ta yi dokarsa a 1906, Amurka a 1946. Indiya ta kafa nata na ƙasa a 1995, sannan a 2001 Kotun Ƙolinsu ta ce dole a ba yara dafaffen abinci.

A nan gida, gwamnatin Obasanjo ta gwada a 2005 a wasu jihohi, yawancinsu suka watsar, Osun ce ta riƙe. Buhari ya farfaɗo da shi a 2016: 'yan aji 1 zuwa 3, Naira 70 kowane yaro a rana, daga baya aka ce 100. An dakatar da shi a Janairun 2024. Lura da bambancin, Malam: can doka da hukuncin kotu suka tsare shi, mu kuwa shirin gwamnati mai ci ne, tana sauya ra'ayi tukunya ta sauka.

Jami'ar lafiyar abinci:
Baba Malam ya yi daidai, amma ku duba lissafin. Yara 100 a kan Naira 70, dubu 7 ke nan a rana, kuma a ciki mai dafawa za ta sayi itace, mai, magi, ta biya kuɗin mota, ta fitar da ladanta. Kuɗin yana tsaye, shinkafa tana tashi. Me za ta yi? Sai ta rage ludayi, ta janye wake, ƙwai ya ɓace. Idan kuɗi ya makara kuma, bashi take ci har ta gaji.

Ma'aunin Indiya ga ɗan firamare shi ne hatsi giram 100, kalori (awon ƙarfin da abinci ke ba jiki) 450, furotin (sinadarin gina jiki) giram 12 a rana. Wato yara 100 suna buƙatar kilo 10 na shinkafa, ban da wake. Garau-garau da manja da ɗan zogale ya fi farar shinkafa nesa ba kusa ba. A kuma haɗa da maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa ake ciyarwa.

Tsabta kuwa ba wasa. A Bihar ta Indiya, yara 23 suka rasu a 2013 saboda maganin ƙwari da ya gurɓata abincinsu. Kada a zuba mai a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko an wanke ta. Gyaɗa ko masara mai fumfuna a zubar, dafuwa ba ta kashe gubar.

Wani abu da ake ruɗewa: abincin makaranta ba maganin tamowa ba ne. Yaro ƙasa da shekara 5 da awon kewayen damtsensa ya gaza santimita 11.5, asibiti za a kai shi.

Manomi, Mai'aduwa:
Hajiya, ki ƙara da batun saye. Brazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai a kashe shi wajen ƙananan manoma. Mu ma a sayi wake da gero da kaka, lokacin da suke da araha, a adana waken a buhu mai leda biyu ba tare da magani ba. Kuma Malam na Daura, kwamitinku da kansa ya riƙa ƙirga yaran da suka zo, kada ya dogara da rajista kawai.