Zaɓen asusunmu a Jidda: a sake ko a bar shi haka?

Magatakarda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ke riƙe da littafin asusun taimakon juna na mutanen garinmu mazauna Sabil da Karantina a nan Jidda. Riyal 20 kowa ke zubawa duk wata, da shi muke kai mara lafiya asibiti, mu yi hidimar jana'iza, in an kama wani an kai shi tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, mu aika masa da kayansa da ɗan guzuri. A ɗakin shugabanmu muke zama, Allah ya jiƙansa, shi ke dafa mana shayi da hannunsa, har ya bar duniya ba wanda ya san jam'iyyar da yake so. Tun zaɓen 2023 zama ya lalace, masu jar hula gefe, 'yan Gandujiyya gefe, har a wajen zaman makoki. Da ya rasu muka sa zaɓe. Mutum 86 ne a littafi, 23 suka zo, wanda ya ci ya samu 14. Yanzu ɗaya ɓangaren sun daina zubi, wai ni na kitsa. Ga wani bawan Allah kwance yana jiran taimako. A sake zaɓen ne ko a bar shi?

Direban Makka: Wa'alaikumussalam. Malam, ba ka faɗi ranar da ka sa ba.

Magatakarda: Daren Juma'a ne, cikin goman ƙarshe na azumi.

Direban Makka: Haba Malam! Goman ƙarshe? Lokacin da direbobi ke jigilar masu Umara ba dare ba rana, masu tura keken marasa ƙarfi suna Harami, mata na sayar da abincin buɗa baki? A kwanakin nan muke haɗa kuɗin haya da na sabunta igama, takardar izinin zama. Wa zai bar wannan ya zo ɗaga hannu?

Alhaji Babba: Ku saurara, shekarata 31 a ƙasar nan. Kada a sake komai. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba su fita ba, amma an rantsar da Tinubu. Wanda bai zo ba ya sallama haƙƙinsa. Ka sake yau, gobe duk wanda ya faɗi sai ya ce a sake.

Maman Ummi: Alhaji, da girmanka, amma mu mata ko sanarwa ba mu gani ba. A zauren WhatsApp na maza aka sa. Kuɗinmu dai ana karɓa kan lokaci. Bara da aka yi wa ƙanwata aiki sau uku ina aikawa, aka ce asusu ba kuɗi, bayan sati biyu aka biya wa wani tikitin gida.

Magatakarda: Hajiya, wancan shugaba ne ya sa hannu, ba ni ba. Ranar kuma na zaɓe ta ne saboda lokacin ne kowa ke gari, ba wanda ya tafi hutu.

Alhaji Babba: Daidai ka yi. Kuma in faɗa muku, rigimar nan ta banza ce. Hukumar INEC ba ta da akwati a Jidda ko Riyad, ɗan Najeriya da ke waje ba ya zaɓe sai ya koma mazaɓarsa da katinsa. Cikinku wa ya hau jirgi ya je ya jefa wa Abba ko Gawuna ƙuri'a? Kuna ta ɓata zumunci a kan mutanen da ba su san da zamanku ba.

Ɗan Sabil: Ni na je, Baba, kuma jar hulata tana nan. Tambaya ɗaya nake da ita: Malam magatakarda, mene ne tsakaninka da wanda ya ci?

Magatakarda: Surukina ne, amma wannan bai shafi zaɓe ba. A gaban kowa aka ƙirga.

Ɗan Sabil: To me ya hana ka faɗa tun farko?

Ɗan Mai Wurno: Ni Bahaushen Sudan ne, daga gefen Sinnar. Rabonmu da zaɓe tun 2015, shi ma manyan 'yan adawa ƙaurace masa suka yi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 asusu irin naku ne ke ciyar da iyayenmu. Ku bar ƙuri'a, ku samu dattawa uku uku daga kowane ɓangare su fitar da mutum ɗaya.

Malama a Madina: Ni abin da ke ba ni tsoro daban ne. Ƙasar nan ba a yarda da jam'iyya ko taron siyasa ba. Ku tara mutum 80 ana ɗaga murya da sunan Kwankwaso da Ganduje, maƙwabci ya kira shurɗa, wato 'yan sanda, masu igamar da ta mutu su za su kwana a ciki. In za a sake, kowa ya turo zaɓinsa ta waya.

Alhaji Babba: Ta waya? Nan ne maguɗin zai yi daɗi. Dattawa kuma, ai dattawan ne suka fi kowa zafin siyasar. Na gama magana, a bar shi.

Magatakarda: Na gode duka. Sai dai ni ban ga laifin da na yi ba, sati biyu sanarwa na yawo. In na ce a sake, surukina zai ce na tozarta shi. In na yi shiru, zubi ya tsaya.

Maman Ummi: Shi mara lafiyar fa, nawa ake nema? Kuma makullin akwatin yana hannun wa yanzu?

Direban Makka: Malam, ana tambayarka.