Na karanta littattafai huɗu, amma sharhi ya gagare ni

'Yar Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Daga Babbar Sallah zuwa yau na karanta littattafai huɗu: *Season of Crimson Blossoms* na Abubakar Adam Ibrahim, *Alhaki Kwikwiyo Ne* na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, *What Britain Did to Nigeria* na Max Siollun, sai wani labarin soyayya da ake saki shafi-shafi a WhatsApp. A zaman karatunmu na ƙarshen wata ni aka ɗora wa sharhinsu, an ba ni minti 15. Na zauna rubutawa, ba abin da ya fito sai "ya yi daɗi" da "ya ba ni haushi". Ta ina ake kamo bakin zaren? Kuma da mudu ɗaya ake auna ƙagaggen labari da littafin tarihi?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mudun ba ɗaya ba ne. Ƙagaggen labari ana tambayarsa: ka sa na yarda da mutanen nan? Littafin tarihi kuwa ana tambayarsa: wa ya gaya maka?

"Ya ba ni haushi" ɗin nan kada ki yar da shi, nan ne ƙofar. Ki samo littafin rubutu, ki ware wa kowane littafi shafi biyu masu kallon juna. A hagu ki sa lambar shafin da ranki ya motsa da abin da ya faru a wurin, layi ɗaya tak. A dama ki rubuta dalili. Wuri uku sun ishi kowane littafi. Wanda ya tara wuri goma, labarin zai koma bayarwa daga farko, mutane su fara duba waya.

Ga misali daga *Season of Crimson Blossoms*. Hajiya Binta gwauruwa ce mai shekara 55, ta bar Jos bayan rikicin da ya ci mijinta, ga ta kuma tare da Reza, matashi mai sayar da wiwi kuma ɗan bangar siyasa. In kin tsaya nan, gulma kawai kika yi. Ki koma wuraren da aka nuna ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari ba saboda alkunya, ba ta ja shi a jiki ba har ya bar duniya. Sai ki tambayi zauren: wannan kunyar tamu, me ta ci wa uwar da ɗan? Ita ce ta tura Binta wajen yaron nan, ko marubucin ne ya nema mata uzuri? Wannan kaɗai zai cinye minti biyar. Kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG ta dala 100,000 da littafin ya ci a 2016 ki ambace ta a jimla ɗaya ki wuce, kyauta ba hujja ba ce.

Anti Uwar Marubuta: 'Yata, kafin ki ce komai a kan na Hajiya Balaraba ki duba shekara. A 1990 ya fito, sai 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Turanci ta Aliyu Kamal. Kuskuren masu sharhi shi ne su ce "ai mun saba jin irin wannan", alhali da yawa daga labaran da suka saba ji ƙannensa ne. Ki bi kuɗi a cikinsa: abin da Alhaji Abdu ke bayarwa na cefane, abin da yake kashewa a waje, da yadda matarsa Rabi ke ciyar da 'ya'ya tara bayan ya kore ta. Ƙarfin littafin yana cikin lissafin tukunya, ba cikin wa'azi ba.

Sannan ki jera Rabi da Binta. Ɗaya an rubuta ta da Hausa don 'yan gida, ba a tsaya yi wa kowa bayanin kishiya ko zawarci ba. Ɗayar da Turanci, mai karatu na iya zama a Legas ko Landan. Ki nemo wuri guda da kika ji marubucin yana yi wa baƙo bayani, ki faɗa ko ya rage wa miyar gishiri. Ƙarshen labari kuwa kada ki fasa, ko an roƙe ki.

Na WhatsApp ɗin minti biyu ya ishe shi. Ciwon irinsu sananne ne: kullum ake rubutawa ana saki, masu karatu na matsa lamba, marubuciya ba ta samun damar komawa baya ta gyara. Shi ya sa za ki ga ƙanwar miji ta ɓace tun shafi na 20, ko yarinyar da aka ce tana aji uku ta wayi gari a jami'a. Ki sake karanta shafuka goma na farko, ki ƙirga mutanen da aka shigo da su aka manta. In kuma na kuɗi ne aka turo miki ta bayan gida, ki biya baiwar Allah haƙƙinta kafin ki soke ta a bainar jama'a.

Baba Ɗan Tarihi: Jikata, littafin tarihi daga baya ake fara shi. Ki buɗe ƙarshe, inda marubuci ya jera madogararsa, ki ga bakin wa ya fi yawa. A tarihin zuwan Turawa yawanci rahotannin hafsoshinsu ne da takardun ofis, don su ne suka rubuta suka adana. Ba laifin marubuci ba ne, amma dole mai sharhi ya faɗa.

Ki zaɓi abubuwa uku da kika sani tun daga gida ki gwada shi da su: faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, da Burmi a Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. In da hali ki ƙara boren Satiru na 1906. A kowanne ki duba shafi nawa ya ba shi, wa ya ƙirga gawarwakin, kuma an ji muryar waɗanda aka ci da yaƙi ko a'a. Ki tuna littafin na 2021 ne kuma Najeriya duka ya ɗauko, tun daga kamfanin Royal Niger na George Goldie, don haka kada ki tuhume shi da gajarta Arewa kamar ita kaɗai ya yi alkawari. In kina son ma'auni na biyu, ki leƙa *The Sokoto Caliphate* na Murray Last, na 1967, wanda ya jingina da takardun Larabci na gidan Wazirin Sakkwato. Babi ɗaya ma ya isa ki ji bambancin murya.

'Yar Zariya: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: akwai iyayenmu mata a zaman, ga kuma wuraren nan na Binta da Reza.

Malam Mai Alli: Ba sai kin karanto su ba. Ki ce "mu'amalar da ta shiga tsakaninsu", kowa ya gane. Amma ki sanar tun farko cewa littafin na manya ne, kada wata ta saya wa 'yarta 'yar sakandare ta dawo da ƙorafi. Rabon lokaci: biyar ga Binta, huɗu ga Rabi, huɗu ga Siollun, biyu ga na WhatsApp. Ki karanta rubutun da ƙarfi sau biyu da agogo a gabanki, don a gaban jama'a baki yakan yi sauri ko ya sarƙe. In ya haura, daga ba da labari za ki yanke, ba daga tambayoyin ba.