Baba ya ɓata hanyar Bukuru da mota: ta yaya za a gane ko ya kamata ya ajiye tuƙi?

Autar Gangare:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Mahaifinmu shekararsa 76. Da yaron mota ya fara, ya samu lasisi tun ana tuƙi ta hannun hagu, kafin a koma dama a 1972. Ya shekara da shekaru yana sauka Hawan Kibo da babbar mota, ban taɓa jin an ce ya yi haɗari ba. Yanzu ƙaramar mota ce da shi, daga masallaci sai kasuwa sai zumunci.

Watan jiya ya tafi ta'aziyya Bukuru, nan kusa da Jos. Bayan la'asar ya kira ni, muryarsa a sanyaye, wai bai gane inda yake ba. Ashe ya wuce har Mararrabar Jama'a. Hanyar da zai iya bi ido rufe! Bayan mako guda ina gefensa a shataletalen Terminus, ya tsaya cak a tsakiya, 'yan Keke suna ta danna masa oda. Ga sababbin ƙarce biyu a jikin motar, ya ce bai san inda ya samo su ba. Idonsa kuma, in ji shi, garau yake.

Shin akwai gwajin da ake yi? Ba na son mu ƙwace masa makulli a kan zato.

Anti Nas, Rikkos:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tsufa kaɗai yana rage saurin ƙwaƙwalwa: mutum ya ga abu, amma kafin ƙafa ta kai birki an ɗan samu jinkiri, kuma raba hankali tsakanin madubi, mai tsallaka titi da motar gaba yakan yi nauyi. Shi ya sa mahaɗar hanya da juyawa hagu suka fi ba tsofaffi wahala. Amma ɓata a hanyar da mutum ya sani tamkar tafin hannunsa, wannan kam ya wuce tsufa zalla, sai likita ya duba.

Ki kai shi asibiti, a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai gwaji mai suna MoCA, maki 30 ne, kamar minti goma ake yinsa. A ciki za a ce ya zana agogo da hannayensa a kan wani lokaci, ya riƙe kalmomi biyar ya maimaita su daga baya, ya haɗa lambobi da haruffa a jere, 1 zuwa A, 2 zuwa B. Ƙasa da 26 akan ƙara bincike. Sai dai ki gaya wa likita iyakar bokon Baba, domin wanda bai yi nisa a boko ba yana iya samun ƙaramin maki alhali ƙwaƙwalwarsa ƙalau. Kuma makin kaɗai ba ya yanke hukuncin tuƙi.

Ki tafi da duk magungunansa a leda. Faɗuwar suga ga mai ciwon suga, maganin mura irin Piriton, maganin barci, ƙarancin bitamin B12, duk suna iya rikita mutum, kuma ana gyara su. A duba ido ma. Cutar ido da ake kira gilakoma daga gefe take fara cin gani, mutum yana rantsuwa yana gani sarai.

Direban Bauchi Road:
Ɗiyata, shekarata 30 a tasha. Takarda daban, sitiyari daban. A samu wanda Baba yake jin nauyinsa, ba ɗan cikinsa ba, ya zauna gefensa su zaga gari da rana. Kada ya ce masa komai, ya dai lura: yana duba madubi kafin ya canza hannu? Yana sa sigina? Yana ba motar gaba tazara? In sun iso Farar Gada inda Keke ke shigowa ta ko'ina, yana daburcewa? In ya taɓa taka totur a madadin birki ko sau ɗaya, to magana ta ƙare.

In abin da sauƙi, a fara da ragewa: ban da dare, ban da ruwan sama da hazon Jos, ban da doguwar tafiya.

Abban Gwarimpa:
Ni dai ina ganin a karɓi makullin yau. A Japan duk direban da ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa lasisi. Mu a nan iyali ne za su tsaya. In ya buge ɗan wani fa, Allah ya kiyaye?

Autar Gangare:
Na gode muku duka. Abban Gwarimpa, wannan tsoron ne ya sa na yi rubutun. Na samu Kawu, abokinsa tun suna tasha, shi ya yi masa magana. Baba ya yi shiru can, ya ce ranar Bukurun shi ma ya tsorata, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya yarda yayana ya riƙa jan motar, shi yana gaba yana nuna hanya, har mu ga likita ranar Talata. Anti Nas, na duba ledar maganinsa, akwai Piriton, kusan kullum yake sha da daddare saboda atishawa. Zan kai wa likitan.