Samfurin ƙarfena ya tarwatse kamar kasko, ina mafita?

Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a kan gaurayen ƙarafa masu jure wuta, irin waɗanda ake haɗa ƙarfe huɗu ko biyar daidai wa daida. Na narkar da niyobiyam, molibdinam, tantalam da tangistin, haɗin da masanin ƙarafa Senkov da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2010. Ɗan curin da ya fito bai fi goro ba, sai ƙyalli yake. Da muka sa shi a injin matsa, ko lotsewa bai yi ba, sai ƙas, ya tarwatse. Wata uku na yi ina tara kuɗin kayan nan. Kuskurena ne, ko halin ƙarfen ne?

Injiniya daga Gombe:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, halinsa ke nan. Idan ba zafi, da ƙyar yake lotsewa kashi 2 cikin 100 kafin ya fashe. Darajarsa sai a wuta. A digiri 1600 na ma'aunin Selsiyos yana riƙe da ƙarfin kusan megafaskal 400 (ma'aunin matsin da ƙarfe ke jurewa ke nan), alhali gaurayen nikel na injin jirgin sama tuni sun narke. Tangistin shi kaɗai sai a 3422 yake narkewa. To shi da molibdinam su ne tushen ƙarfin, su ne kuma tushen gautsin. Akwai haɗin hafniyam, niyobiyam, tantalam, titaniyam da zakoniyam, ana murza shi a sanyi ya miƙe, amma kafin digiri 1200 ya saki jiki. Kai a wane zafi kake son naka ya yi aiki? Da nan ya kamata ka fara.

Malama daga Tudun Wada, Gombe:
Na yarda da Injiniya, amma kar ka ɗora wa ƙarfen laifin duka. Ɗauko guntun ka duba fuskar karayar a madubin bincike. In ka ga ƙwayoyi a ware kamar tsakin masara, a iyakokin ƙwayoyin ya tsage, kuma oksijin yakan taru a can. Ka wanke tandar da iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da ƙarfe, sau da yawa don korar oksijin, ka fara narkar da guntun titaniyam ya shanye ragowar oksijin, sannan ka riƙa juya curin kana sake narkarwa, ko sau biyar. Tangistin yana da taurin kai, yakan maƙale bai gama narkewa ba.

Ɗalibi:
Wallahi Malama sau biyu kawai na narkar. Zafin da nake nufi kuwa wajen 1000 ne, Yallaɓai.

Injiniya:
To ba ka bukatar tangistin mai yawa haka. Rage shi, ka ƙara titaniyam, zai yi sauƙin lotsewa, kuma ba sai ka koma haɗin hafniyam ɗin nan ba, ga shi hafniyam tsada gare shi. Sai dai ka kula, in za ka gwada a buɗaɗɗiyar iska, tsatsar molibdinam tururi take zama ta gudu tun kafin 1000, samfurin ya riƙa ramewa. Auna nauyinsa kafin ka sa a wuta da bayan ka fitar.

Ɗalibi:
Allah ya saka da alheri. Guntayen suna nan cikin ambulan, Litinin zan turo hoton karayar in sha Allah.