Karɓar kwangilar gini da rajistar wani a Saudiyya: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tambaya, daga Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aikin gini a nan. Yanzu wani ɗan ƙasa ya ce in riƙa karɓar ƙananan kwangiloli da rajistar kamfaninsa, mu raba riba. Waɗanda suka bi wannan hanya, don Allah me kuka tarar?

Wani dattijo daga Makka: Wa alaikumus salam. Yarona, wannan shi Larabawa ke kira tasattur, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, baƙo kuma a kore shi. Ni na yi shekara uku a haka. Mun tayar da bene hawa uku, tun daga tushe har filasta da tayil. Kuɗin ƙarshe ya shiga asusun mai rajista, daga ranar ya daina ɗaga wayata. Ina zan kai ƙara, alhali a igamata, wato takardar izinin zama, lebura aka rubuta? Leburorin kuwa ni suka sani, ba shi ba. Zinaren uwargida na sayar na sallame su, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani daga Riyad: Allah ya mayar da alheri, Baba. Aiki kam akwai, ga manyan ayyukan gini na Ƙiddiya da Dir'iyya a kusa da Riyad, ga shirin baje kolin duniya na 2030 da gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2034. Ni shugaban leburori ne a wani kamfani, albashina ta banki. Tun gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021, wanda ya cika shekara yana iya sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago. Da ita na bar kafilina na farko, wato wanda nake zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa.

Wani daga Madina: Ko da halastacciyar rajista, jiran biya ne ke karya ƙaramin ɗan kwangila. Maigidana ya jira wata biyar, mai siminti da mai rodi suna ta sallama. Ga dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, wadda bai lissafa ba da ya yanka wa'adi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malam na Riyad, waɗanne takardu suka nema kafin su ba ka shugabancin leburori?