Kaya na gangarowa Kumasi, ina kuɗin ke maƙalewa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Doya nake sayarwa, nakan hau Tamale sari. Makon jiya a motar da na dawo akwai 'yan mata shida daga wajen Walewale, kowacce da daronta. Ƙaramarsu ba ta kai 'yata mai aji shida ba. Washegari na gan su kasuwar Kejetiya suna kayaye, wato dakon kaya a ka. Doya daga can take, shanu daga can, kaɗanya daga can. To me ya hana arewacin Ghana arziki, har 'ya'yanta ke kwana a bakin shagunanmu?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam. Ciwon ya daɗe, Alhaji. Turawan Ingila ba su ɗauki arewa a bakin komai ba sai wurin ɗibar lebura, a kai gonakin koko da ramukan zinariya na Obuasi. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, har yau bai taka Tamale ba. An buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast a 1876, Tamale ba ta samu sakandaren gwamnati ba sai 1951. Jami'a kuwa sai 1992, zamanin Rawlings. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Hajiya mai albasa:
Malam, a bar Bature ya huta, tun 1957 ya tattara nasa ya nasa. Maganar ruwa ce. Kudu damina biyu, can ɗaya tal, in aka gama girbi sai zaman jiran hadari. Yarinya ta zauna ta ci me? An aza harsashin dam na Pwalugu a 2019, muna ta murna, shiru kake ji. Kamfanin tumatir na garin a rufe, ga mu muna sayo tumatir daga Burkina. Ruwan da muke gani sai in mutanen Burkina sun buɗe dam ɗinsu na Bagre ya share gonaki. SADA ma, hukumar raya arewa, an kafa a 2010, daga baya aka sake mata suna.
Amma Alhaji, tsakaninka da Allah, nawa kake ba yarinya in ta kai maka doya tasha?

Ɗan Aboabo:
Hajiya kin kama ni. Sidi biyar ne. In ta ce goma, nakan kira ta kusa da ita.