Alamar kore a Myfxbook ta isa hujja kan robot?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Maganar robot ɗin nan, wato manhajar da ke cinikin kuɗaɗen waje da kanta, da na kawo, wanda Yaya Bashir ya ce hoton allo ba hujja ba ne. To, na koma wurin mai sayarwa ya ba ni shafinsa na Myfxbook, dandalin intanet da ke nuna tarihin cinikin asusu. Asusun gaske ne, ba na gwaji ba, alamomin tantancewa biyun duk kore ne, ya haura shekara yana aiki, riba kusan kashi 10 cikin ɗari kowane wata, kuma babu watan da ya faɗi. Gani ya kori ji. Ni a wurina abin da Myfxbook ya tantance ba ya ƙarya.

Bashir: Wa'alaikumus salam. Ka kyauta da ka nemo shafin, ya fi hoto nesa ba kusa ba, don hoto ko yaro zai iya gyara shi. Amma ƙanena, ka san abin da alamomin nan suke faɗa? Ta farko tana cewa tarihin cinikin ya yi daidai da abin da ke kan sabar dillali, wato kamfanin da aka buɗe asusun a wurinsa, saboda sun shiga da kalmar sirrin da ake kallo kawai da ita. Ta biyu tana cewa mai shafin yana da ikon yin ciniki a asusun. Iyakarsu ke nan. Ba su ce robot ɗin da za a sayar maka shi ne ya yi cinikin ba, ba su kuma ce hanyar da ake bi ba ta da haɗari ba.

Hadiza: Ni kashi 10 ɗin ne ya tsaya mini a rai. Nura, ɗauko kalkuleta. Dala 1,000, ka bar ribar tana hawa kan uwar kuɗi, a shekara ɗaya ta wuce 3,100. A shekara goma ta haura dala miliyan 92. Warren Buffett, da duniya ke buga misali da shi a harkar zuba jari, abin da kamfaninsa ya samu tun daga 1965 bai wuce kusan kashi 20 a shekara ba. A shekara fa. Mai abin da ke ba da kashi 10 a wata me zai kai shi tallarsa ga baƙi?

Nura: Anti Hadiza, lissafin nan na takarda ne. Dabarar da ke aiki da ƙaramin kuɗi ba lallai ta ɗauki miliyoyi ba, kowa ya san haka. Kuma mutum yana iya cin riba biyu, ta ciniki da ta sayar da robot.

Alhaji Lawal: Yaron nan yana da gaskiya a nan. Ku daina yi kamar duk abin da aka ce na'ura ce ke ciniki damfara ne. Manyan bankuna da kamfanonin zuba jari da manhaja suke saye da sayarwa, ba da hannu ba. Manhajar ciniki ta MetaTrader 4 tun 2005 take ba mutane damar rubuta robot ɗinsu. A cikin dubban masu rubutawa a ce ba a samu ko ɗaya na ƙwarai ba? Ban yarda ba.

Kabiru: Alhaji, ban musa maka ba, akwai na ƙwarai. Tambayar ita ce ko wannan yana cikinsu. Na buɗe shafin da Nura ya turo, na shiga tarihin cinikin da aka rufe. Ku duba girman lot, wato ma'aunin yawan kuɗin da ake sawa a kowane ciniki, a jere: 0.01, sai 0.02, sai 0.04, 0.08, 0.16, duk a kan yuro da dala, duk saye, farashi yana sauka shi kuma yana ƙara saye. Da farashin ya ɗan juyo sai ya rufe su gaba ɗaya a minti guda da ƴar riba. Wannan shi ake kira martingel, ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa. Akwai wurin da ya kai 0.64, mataki na bakwai ke nan. Mataki na goma 5.12 ne, ninki 512 na inda ya fara. A 0.01, motsin pip ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin motsin farashi, santi goma ne. A 5.12 ya haura dala 51, ban da sauran tara da ke buɗe suna zubar da jini.

Abu na biyu, an kulle wurin cinikin da ke buɗe, an ɓoye kuɗin da ake zubawa a asusun. Layin da ke hawa sumul ɗin nan na cinikin da aka rufe ne. Asara ba ta shiga can sai an rufe ta, shi kuwa irin wannan robot ba ya rufe asara, riƙe ta yake yi. Ku nemi layi na biyu a jadawalin, na ikwiti, wato abin da zai rage in an rufe komai yanzu. Za ku ga wuraren da ya yi ƙasa sosai alhali na sama bai motsa ba.

Nura: Injiniya, amma duk lokacin da ya nutse ai ya dawo. Kuma akwai gwajin shekara goma a kan farashin baya, shi ma riba ce.

Kabiru: Dole ya dawo, har ranar da kuɗin asusun zai ƙare kafin farashi ya juyo. Ranar nan sau ɗaya take zuwa. Gwajin baya kuwa, ni da nake rubuta irin waɗannan zan gaya maka yadda ake yi. A cikin MetaTrader akwai wurin da za ka sa kwamfuta ta gwada dubban saiti a kan tsohon farashi, ta zaɓo maka wanda ya fi kyau. Saitin ya haddace abin da ya wuce ne kawai. Sannan a gwaji ana iya tsayar da ratar saye da sayarwa wuri ɗaya, umarni yana shiga a daidai farashin da ka nema. A kasuwar gaske rata tana buɗewa lokacin labarai da tsakar dare, umarni yana zamewa. Robot mai neman pip uku ko huɗu, wannan kaɗai ya isa ya mayar da ribarsa asara.

Bashir: Ka tuna 15 ga Janairu 2015. Babban bankin Suwizalan ya janye kariyar da ya yi wa yuro don kada ya sauka ƙasa da 1.20 na faran, kuɗin ƙasarsu, ba tare da sanarwa ba, farashi ya faɗi da kusan kashi 30 cikin mintuna. Umarnin tsayar da asara bai sami mai saye ba. Kamfanin dillanci na Alpari na Ingila ya durƙushe, abokan cinikin wani dillalin, FXCM, suka wayi gari ana bin su kusan dala miliyan 225. Shekara guda da ƴan watanni ba ta ga irin wannan rana ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Sadiya: Akwai abin da ba a taɓo ba. Shafi ɗaya aka nuna wa Nura, asusu nawa aka buɗe? Mutum ya buɗe 16, rabi su yi saye rabi su yi sayarwa. Kowane wata ya goge waɗanda suka faɗi, ya sake raba saura. Bayan wata huɗu yana da ɗaya da bai taɓa faɗuwa ba, kuma alamarsa kore ce tsakani da Allah, don cinikin ya faru. Sannan Myfxbook daga sabar dillali yake karantawa. In dillalin ba shi da mai sa masa ido, ko bakinsu ɗaya da mai robot, abin da suka rubuta shi zai nuna. Mirror Trading International na Afirka ta Kudu da labarin robot mai kashi 10 a wata suka tara bitkoyin na sama da dala biliyan 1.7, suka rushe a Disamba 2020. Hukumar CFTC ta Amurka ta kai su kotu, a 2023 aka yanke wa shugabansu biyan dala biliyan 3.4. Masu zuba kuɗin kullum suna ganin riba a allo.

Alhaji Lawal: To na ji ku duka. Hoto ba hujja ba, gwajin baya ba hujja ba, Myfxbook ba hujja ba. Ku faɗa mini abin da za a kawo ku ce kun yarda. In babu, to ba bincike kuke ba, kun riga kun yanke hukunci.

Bashir: Tambaya ce mai kyau Alhaji, kuma akwai amsa. Ya buɗe komai: cinikin da ke buɗe, kuɗin shiga da na fita, tun daga ranar farko ba daga ranar da ya zaɓa ba. Asusun ya kasance wurin dillalin da za ka iya duba lambar lasisinsa a shafin hukumar sa ido kamar FCA ta Birtaniya ko ASIC ta Ostireliya, da kuɗi mai nauyi, ba asusun santi ba inda dala 50 ke bayyana kamar 5,000. In ga an rufe ciniki da asara a tarihin, lot bai ninku bayanta ba. Ganin watan da aka yi asara a jadawali kwantar mini da hankali yake yi. Bayan haka Nura ya ɗora shi a asusun gwaji nasa wata uku, ya kwatanta ciniki da ciniki da na mai sayarwa. In lokaci da farashi sun yi kusa, to robot ɗin ɗaya ne.

Hadiza: A nan na rabu da kai Malam Bashir. Wata uku zai nuna ko robot ɗin ɗaya ne, na yarda. Amma martingel zai iya cinye wata ukun nan lafiya lau, Nura ya ƙara sakankancewa ya zuba kuɗi mai yawa. Gwajin sai ya zama tarko. Abin da Injiniya ya gani a jerin lot ya wadatar, ba sai an gwada ba. Kuma a tuna, wanda ya yi asarar rabin kuɗinsa sai ya ci kashi 100 kafin ya koma inda yake.

Alhaji Lawal: Ni kuma ina ganin in mutum ya san martingel ne, ya sa abin da zai iya rasawa, yana kwashe riba duk mako, zaɓinsa ne.

Hadiza: Zaɓinsa ne in an gaya masa. A tallar cewa aka yi haɗari kaɗan ne. Lokacin da hukumar ESMA ta Turai ta taƙaita bashin da dillali ke ba mai ciniki zuwa ninki 30 na kuɗinsa a 2018, ta ce kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Mai cewa ya fita daga wannan sahu, shi ya kamata ya buɗe littafinsa.

Nura: Na tura masa saƙo yanzu. Ya ce ba zai buɗe cinikin da ke gudana ba, don mutane za su kwafa kyauta.

Kabiru: Wannan uzuri ne da za a iya karɓa. To ya bar su a kulle, ya buɗe kuɗin da aka zuba da ranakunsu, wannan ba mai kwafarsa. Ina so in ga ko an ƙara kuɗi a makon da lot ya kai 0.64. Ka kuma tambaye shi ko dole ne ka yi rajista ta hanyarsa a wurin dillalinsa, da nawa dillalin ke ba shi a kan kowane lot da robot ɗin ya buɗe a asusunka.

Nura: Rajistar dai ya riga ya ce dole ce. Sauran biyun zan tambaye shi, in ya amsa zan liƙa muku a nan yadda ya rubuto.